Taswirar Dajin Da Aka Riga Aka Sare

Ba na jin zan taɓa mance ranar da manajanmu ya nuna wa wata mata dajin ƙasarsu, alhali ita ta san dajin nan ba ya nan.

Lokacin ina aiki a wani ƙaramin kamfanin zana taswira a unguwar Deira da ke Dubai, a saman shagunan 'yan kago, masu aika kaya ƙasashen waje. Ma'aikatar gandun daji ta wata ƙasa a tsibiran tekun Pasifik ce ta ba mu aikin zana taswirar dazuzzukanta. Ga yadda ake yi: mukan karɓi hotunan tauraron ɗan adam, mu tantance su, mu ba kowane yanki launinsa. Daji kore, gona ruwan ɗorawa, inda aka sare ja. A ƙa'ida kuma sai wani ya je ya taka wurin da ƙafarsa kafin a sa hannu.

Manajan, wanda ya dage sai an kira shi Dakta, tallan gidaje yake yi kafin ya zo mana. Irin masu zana ciyawa da tsuntsaye a gaban benen da ko harsashinsa ba a haƙa ba. Sunan ƙasar ma bai iya faɗa daidai ba. Shi ya soke tafiyar tabbatarwa, wai tauraro ya fi ƙafa gani.

Da na gama babban tsibirin, gefen wani dutse gaba ɗaya ya fito ja wur. Na kai masa. Ya yamutsa fuska, ya ce ba wanda zai rataya wannan a ofis, kamar an yanka rago a kai. Ya ce in ɗauko tsohon hoto na shekarun baya. Na gaya masa masu katako sun shiga wurin bayan wancan hoton. Sai ya kira sunana da salon Larabawa, ya ce, "Habibi Bulus, kwastoma kore yake so. Khalas, magana ta ƙare." Da na ƙi, ya ba wani ya shafa masa koren.

Shugabar sashen gandun dajin ta zo Dubai da kanta, dattijuwa ce marar yawan magana. Dakta ya sa aka kama ɗakin taro a otal, ya haska taswirarsa a bango, yana ta yabon albarkar da Allah ya yi musu ta bishiyoyi da tsuntsaye, har da tafa wa kansa.

Ta daɗe tana kallon dutsen nan. Sannan ta bayyana cewa wani kamfanin katako ne ya aske wurin ba da izini ba, ruwan sama ya kwaso laka ya binne gonakin ƙauyuka, rafin da suke sha ya koma kunu. Kotu za su, shi ya sa suka nemi taswira.

"Shaida muka zo nema," in ji ta. "Kai kuma ka zana wa ɓarayinmu tasu."

Dakta ya shiga kame-kame, wai kwamfuta ce ta rikice. Ta tambaya ko akwai wanda ya ga sabon hoton. Na ce ni, ranki ya daɗe, na buɗe mata nawa. Aikina ta karɓa ta tafi da shi, sauran tsibiran kuma aka ba wani kamfani. Ni ladana shi ne aka mayar da ni zana wuraren ajiye motoci, har bizata ta ƙare na sauya wurin aiki. Dakta kuwa na ji an ƙara masa girma.

Don haka ku da kuka shigo sana'ar nan yanzu, kafin ku taɓa launi, ku tambaya wa zai riƙe taswirar, kuma ina zai kai ta. Mu nan ado muke gani a allo. Can wani zai tsaya da ita gaban alƙali, ba shi da wani bakin sai ita.