Mazarin Iya a Ƙasar Masar

Ranar Talata ta ukun hutun da na gama aji biyar, da hantsi, muna tsaye cikin wani tsohon kabari da aka sassaƙa a cikin dutse a ƙasar Masar, ni kuwa babu abin da nake kallo sai jakar kakata. A shekarun nan kasuwa ta buɗe wa Baba, shagonsa na atamfa a kasuwar Wuse ya zama biyu, sai ya ce zai kai mu mu ga dalar Fir'auna, har da mahaifiyarsa, Iya, wadda ya ɗauko daga Zariya ta zauna da mu a unguwar Gudu.

Iya ba ta rabuwa da mazarinta. Da safe muna shara da wanke-wanke tana kaɗi, da yamma muna 'yar gala-gala a tsakar gida tana kaɗi, yatsunta fari fat da alli. Wata rana ƙawayena na makaranta, 'ya'yan manyan ma'aikata, suka zo suka gan ta, suka yi ta ƙunshe dariya, daga nan aka sa min suna jikar mai zare. Kunya ta sa daren tafiya bai yi ba sai da na cusa mazarin a bayan buhun shinkafa. Ashe ta lalubo abinta. A jirgi na hango tsininsa ya leƙo daga jaka, na yi ta addu'a kada ta kunyata mu a gaban Turawa.

Mai yi mana jagora ya nuna wani zane a bango, mata ne a jere da zare a hannu, ya ce dubban shekaru ke nan, kuma yau da wuya a sami wanda ya iya irin wannan kaɗi. Da Baba ya fassara mata, Iya ta matsa ta ƙura wa zanen ido, ta ce, "Wa ya ce masa? Ai waccan ta ƙarshen ma ta ɗaga hannu da yawa, zarenta tsinkewa zai yi." Ta zauna dirshan a ƙasa, ta zaro auduga, ta murza mazari. Na rufe fuska. Da na ji shiru na buɗe, sai ga mutane sun kewaye ta, jagoran ya durƙusa yana duban bango yana duban hannunta. Wata Baturiya ta tambaya ko wace ce. Ban san lokacin da na ce da ƙarfi, "Kakata ce!" ba. Ban taɓa jin alfahari irin na ranar ba.

Yanzu Iya ta daɗe da rasuwa, Gudu ta cika da benaye, 'ya'yana ba su san auduga ba sai ta asibiti. Mazarin yana cikin kabad ɗina, a bayan gilashi, kamar kayan da muka gani a Masar. Shekara tara muka yi da ita bayan tafiyar, ban taɓa zama na ce ta koya min ba.