Da'irar da ta kai Malam Zacharie ƙauye

Kullum in an tashi daga lise, wato makarantar sakandare, Malam Zacharie yakan tura kekensa zuwa shagon intanet na bakin kasuwar Garwa, alli bai gama fita daga yatsunsa ba. In akwai wuta ya yi aiki, in babu ya zauna a benci ya jira. Ɗan duwatsun Mokolo ne. Ya yi karatun fiziks har ƙarshensa a Turai, ya dawo da niyyar koyarwa a jami'a, amma ba shi da kowa a Yawunde. Sai aka ba shi aji a lise.

Bai saki bincikensa ba. Shi da abokansa biyu na Turai suna kan lissafi guda, burinsa kuma bai wuce ya ga sunansa tare da nasu ranar da aikin zai fito ba. Kaltumi mai ƙosai a ƙofar makaranta ta taɓa tambayarsa abin da yake nema haka.

"Inna, masana sun zana wata duniya a lissafi, inda kowace ƙwayar halitta take da tagwayenta. Kowane abu da awonsa. Amma da ƙwayoyin sun fara cuɗanya, sai awon ya goce kaɗan. Wannan gocewar nake nema."

"To in ka samo ta, ana miya da ita?"

"Ba bana ba dai, Inna."

Lissafin, in za a bi shi kai tsaye, sai ya cinye rayuwar mutum. Amma akwai gajeriyar hanya, ita yake nuna wa ɗalibansa a filin makaranta. Sai ya jera su da'ira, kowa na kallon ciki. Ɗaya ya juya waje, ya taɓa na kusa, shi ma ya juya, na farko ya koma yadda yake. Haka juyin zai yi ta zagaye. Sai a saki juyi biyu, su haɗu, kowanne ya ɗan yi jinkiri, ya wuce abinsa. Tsohon ɗalibinsa Ilyasu, wanda yanzu yake aikin jinya, har yau yana tuna maganar Malam: "Wanda ya san yadda biyu suke haɗuwa a nan, ya san na dubu."

Shekarar da aka yi boren tsadar rayuwa a kudu, wani babba ya wuce a mota, ya hango yara sun yi da'ira suna juya wa titi baya. Washegari aka kira Malam ofis.

"Da izinin wa ka tara mutane?"

"Aji ne, ranka ya daɗe."

"Aji yana da bango."

Ya soma bayanin ƙwayoyi, aka ce ya isa. Kafin damina aka mayar da shi wani ƙauye bayan Kaélé, inda ko falwaya babu. Abokansa suka jira har suka gaji, suka fitar da aikin. Sunansa yana can ƙasa, wajen godiya.

Matarsa Suzanne ta ce, "Baban yara, ka gaya musu da guminka a ciki."

"Sun sani, Suzanne. Wannan karatu ba ya tsayawa jiran mai keke."

Daga nan bai ƙara tada zancen ba. Ya ci gaba da shiga aji a ƙauyen har bana da ya yi ritaya. Babu wanda ya zo daga sama ya ce masa sannu.

Malam, kai ne aka raba da abin da ka fi so, ba ka huce a kan 'ya'yan mutane ba. Kai ne kake bin iyaye har gonar auduga kana roƙon a bar yarinya ta gama shekara. Dogo mai alli, mun gode. Allah ya saka maka, tunda waɗanda ya kamata su saka ba su yi ba.

Ku masu ilimi da aka jefa ƙauyuka, ku koyar kamar yadda ya koyar. Ku kuma da kuka bi ta hannunsa, ya dawo Garwa, yana zaune a ƙofar gida ba mai zuwa. Kada ku bari sai an taru a coci ana cewa mutumin kirki ne. Ku je yanzu, kunnensa yana ji.