Ranar da Jirgi Ya Tafi da Gwaggo

Gwaggona, yayar mahaifina, ta yi ƙuruciyarta a wata 'yar tashar jirgin ƙasa a bayan Ibadan, inda kakanmu yake gadin layin dogo. Ɗaki ɗaya ce tashar, sai benci da ƙararrawa. Jirgin Arewa na tsayawa, sai ta bi tagogi da tiren waina a ka. Da jirgi ya daina zuwa suka dawo unguwar Sabo a cikin Ibadan, ta ci gaba da suya a cikin gida.

Da labari ya iso cewa sabon jirgin Legas yana tsayawa kusa da tsohuwar tashar, ba ta shawarci kowa ba. Ta jiƙa shinkafa, washegari ta cika kula da waina, ta ce in ɗauko hijabina.

Muka tarar da gini mai gilashi da shinge. Mai gadi ya ce ba a ƙarasawa bakin dogo sai da tikiti. Gwaggo ta zazzaga masa tarihin kakanmu kaf da Yarbanci. Ya saurara cikin ladabi, ya sake cewa tikiti. Dole na saya mana biyu a wayata.

Jirgi ya iso shiru, ko hayaƙi babu. Gwaggo ta gyara murya: "Ga waina da zafi!" Ba tagar da ta motsa. Ta ƙwanƙwasa gilashi, wani mai kwat ya ɗaga mata hannu.

"'Yar nan, kurame suka ɗauko?"

"Gwaggo, tagar ba ta buɗuwa. Na'urar sanyi ce a ciki."

Wani ma'aikaci ya hango tsohuwa da kaya, ya duba tikitin, ya sungumi kular ya shige jirgi da ita, yana gaggauta mu da cewa, "Mama, oya, oya!" Gwaggo ta bi wainarta, ni na bi Gwaggo. Ƙofa ta rufe.

Ta zauna a gefen kujera, ta ƙanƙame hannuna. Can ta ce a hankali, "Kin san ban taɓa shiga cikinsa ba?"

Aka ce an hana talla, sai ta buɗe kula ta raba kyauta, har da mai kwat ɗin. Muka sauka a Abeokuta, na kira Baba na faɗa masa. Sai ya tambaya ko an rage masa waina.