Kulkin da Labbo Ya Sassaƙo Daga Jirginsa

Shekara talatin Labbo ya yi yana tuƙa jirgin ruwa a gulbin Argungu, kafin ciwon baya ya fito da shi tudu. Yanzu gadi yake yi a wata makarantar sakandare a Birnin Kebbi. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, kuma duk wanda ya kuskura ya ce masa tsoho, ranar zai ji abin da bai shirya ji ba.

Malam Dominic, malamin motsa jiki, mutumin Filato, shi ya kawo wasan da ya tayar da rigimar. Sofbol ake ce masa. Ana jefo ƙwallo a hankali ta yi sama ta sauko, mai kulki ya maka ta, ya ruga ya zagaye fili. Duk Asabar bayan la'asar ma'aikata ke taruwa, masu tumbi da masu furfura. Labbo kuwa ba wanda ya gayyace shi, shiga kawai ya yi.

To, kulkin nasu na ƙarfe ne, cikinsa rami, ba nauyi ko kaɗan. Hannun da ya saba tura ruwa da filafili ina zai iya da wannan? Kafin ƙwallo ta iso Labbo ya riga ya kai duka, ya juya ya ba ta baya, fili ya ɗauki ihu. Wata uku cur bai taɓa ƙwallo ba. Abin yana ci masa rai ƙwarai, amma ko a fuska bai nuna ba.

Sai aka sa ranar karawa da malaman Argungu, can a Argungu. Malam Dominic ya ja shi gefe ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Ranar nan ka riƙe mana jarkar ruwa kawai."

"Ni? Jarka? Gaban mutanen da nika ƙetarwa gulbi tun suna goye?" Labbo ya nuna kulkin da baki. "Malam, ba hannuna ad da laifi ba, wanga gwangwanin naku ne."

Suka yi ta ja, har Malam Dominic ya gaji. Ya ce zai ba shi dama ɗaya, in ya kuskure sau uku ya bar wasan har abada. Labbo ya ce ya ji ya gani.

Ranar Lahadi ya hau mota sai Argungu, wajen Hodi masassaƙi, abokinsa na ƙuruciya. A bayan rumfar Hodi tsohon jirgin Labbo yake kife, ya tsage tun shekara bakwai da suka wuce, amma ya hana a faskara shi. Jirgin na itacen maɗaci ne, goshinsa da kauri. Labbo ya dafa shi ya ce a fitar masa da kulki daga nan.

Hodi bai taɓa ganin sofbol ba, ko a talabijin. Sai ya yi abin da yake yi wa duk mai son filafili: ya tsayar da Labbo, ya auna shi daga ƙasa zuwa ƙirji. A ƙarshen mariƙin kuma ya bar ramin nan da ake zura igiyar ɗaure jirgi, don ya san mutuminsa. Da Labbo ya ɗaga kulkin ya ji nauyinsa ya sauka a kafaɗa, sai da idonsa ya kawo ruwa.

Ranar wasa ya fito da abinsa a saɓe. Jama'a suka fashe da dariya, wani ya ce taɓaryar wa ya sato. Malam Zulkifli, shugaban 'yan Argungu, ya kawo abin awo ya gwada. "Baba Labbo, ya wuce ƙa'ida da fiye da taƙi guda. Ba a bugawa da shi."

Kai, ran Labbo ya ɓaci! Malam Dominic har ya fara miƙo masa na ƙarfen. Ko kallonsa bai yi ba. Ya juya wajen Hodi, wanda ya zo kallo da jakar kayan aikinsa, ya ce, "Ba ni zarto."

Kan kulkin shi ne nauyin, ba ya taɓuwa. Mariƙin ne zai tafi, da ramin igiyar. Ya durƙusa a tsakiyar fili ya yanke shi da hannunsa, fili ya yi tsit sai kukan zarto. Ya ɗauki guntun ya hure shi, ya sa a aljihu.

Jifa na fari ya kuskure. Na biyu ma haka, amma da kaɗan. A na uku nauyin maɗacin ya riƙe hannunsa har ƙwallo ta sauko daidai, sannan ya sake shi. Tau! Ƙwallo ta haye katanga ta faɗa cikin gonar albasar wani.

Ana ta ihu ya ruga, ya ƙi. Da tafiyarsa ta gadi ya zagaye filin nan, hannu ɗaya a kan aljihu. Da ya dawo inda ya fara, ya tsaya gaban Malam Dominic yana haki.

"Malam, ina jarkar nan? Zuba min, ƙishi nika ji."