Hannun Kaka Ma'azu da Minjirya

Kakana Ma'azu masunci ne a Kaoje, ya fi shekara hamsin yana jefa komar birgi a kogi. Bai yi boko ba, amma duk littafin da na zo da shi daga sakandare sai ya duba hotunan ciki. Ina aji biyar na nuna masa halittun teku guda biyu a shafi ɗaya: wata dabba mai gashin baki da Turawa ke kira sil, da wani faffaɗan kifi mai jan mutum kamar wutar lantarki.

"Amarya, malamanku sun cuce ku," in ji shi. Haka yake kirana, wasan kaka da jika. "Wanga ayu ne ya rame. Waccan kuwa minjirya ce aka taka ta baje."

Na ce a'a, waɗannan na ruwan gishiri ne, kuma sil shayarwa yake yi, yana fitowa shan iska.

"To ayu mi yake yi? Ga nono, ga tsoka, ba faɗa, shi ya sa muka ƙare shi. Minjirya kuwa wa ke son taɓa ta? Tana nan har gobe."

Bara, bayan yankan shinkafa, hannunsa na dama ya shanye. An je asibiti a Bagudo, an sha sassaƙe daga Illo, shiru. Rannan ya sa ɗansa, Kawu Sambo, ya samo masa minjirya mai rai.

"Duk wanda ta ja ba ya mantawa. In hannun ga ya ji ta, da sauran rai cikinai, zan koma ruwa."

Kawu ya kawo ta a daro. Kaka ya kasa ɗaga hannun, sai ya dube ni.

"Amarya, kama wa angonki."

Na riƙe wuyan hannunsa, na tsoma yatsunsa a ruwan, na ɗora su a bayanta. Jan ya bi ta jikinsa ya same ni har kafaɗa. Na yi ƙara, na saki. Shi ko gezau bai yi ba.

"Ta ja?" ya tambaye ni.

Na so in yi masa ƙarya, amma ya riga ya ji ƙarar da na yi.

"Ta ja, Kaka."

Ya daɗe yana kallon yatsunsa, ruwa na ɗiga. Sannan ya ce, "Sambo, gobe ka jawo jirgina tudu, ka kife shi."

Wata huɗu ya ƙara a duniya, bai sake tambayar ko kogi ya kawo ba. Allah ya jiƙansa da rahama.