Allurar Inna Sabuwa ta Deule

Shekara talatin da ƴan kai, duk wanda ya ratsa ta bayan masallacin gabas a Deule da hantsi ya san abin da zai tarar. Inna Sabuwa ta riga ta share gindin aduwar ƙofar gidanta, ta shimfiɗa tabarma biyu ta haɗa bakinsu. A kai take baza tsohon zane, ta ɗora wani, ta ƙara wani, har biyar ko shida, wankakku, waɗanda suka sha jiki har suka yi laushi. Sai ta bi su da tafin hannu har su kwanta lif, ta danne kusurwa huɗu da duwatsu, abin da ba a zuwa nema da nisa a Adar. Ta yi bisimilla, ta soka allura a tsakiya. Daga nan take fita a hankali, ɗinki ƙanana a jere kamar sahun tururuwa, layi na bin layi, har zannuwan su manta da can dabam-dabam suke. Bargo ɗaya kan ci mata wata biyu. In an gaishe ta takan amsa, amma ba ta ɗaga kai.

Ba a Adar ta gaji wannan aiki ba. Tana da ƙuruciya ta bi mijinta, marigayi Halidu, zuwa aikin Hajji, suka zauna Jidda shekara uku, shi yana dako, ita tana wankau. Ɗakin da ke jikin nasu na wata mata ce daga ƙasar Bangali, sunanta Rukayya. Babu mai jin harshen wata, sai ƴar Larabcin kasuwa da nuni da hannu. Sabuwa ta ga matar ba ta yar da tsohon tufafi. Takan jera su hawa-hawa ta ɗinke, ta zare zare mai launi daga bakin wani tsohon zanen ta zana furanni da kifaye a kai. Kallo ya zama riƙe mata gefe, riƙe gefe ya zama karɓar allura. Rukayya ta ce a garinsu ana kiran abin kanta. Da Sabuwa ta dawo gida ta faɗi sunan, matan Deule suka duba yatsunta suka ce ai ya dace, tunda ga kantar nan ta fito. Su dai bargon Sabuwa suke ce masa har yau.

Furannin Rukayya ba su daɗe a hannunta ba. Ta maye gurbinsu da abin da idonta ya saba gani, zangarniyar hatsi, rumbu, zabuwa da ƴaƴanta. Kifi kaɗai ta bari, ƙarami, a kusurwa ɗaya ta kowane bargo, ko da yake Deule ba garin kifi ba ne. Ta ce na malamarta ne, ba ta da ikon cire shi.

Madam Fa'iza, wadda ta yi shekaru tana karɓar haihuwa a likitar garin, wato ƙaramin asibitinsu, ta ce duk shigowar sanyi Inna Sabuwa kan aiko da ƙananan barguna uku ko huɗu ba tare da an roƙa ba. Ta ce bakwaini da yawa a cikinsu aka naɗe su aka manna wa ƙirjin uwa, domin bargon kasuwa yana kartar fatar jinjiri, wannan kuwa ba ya yi. Masu tafiya bida ma, samarin da ke barin gari bayan girbi su nufi Abijan ko Libiya, iyayensu mata kan kawo zannuwansu a haɗa musu na tafiya. Ta ɗinka irin waɗannan sun fi ashirin.

Ɗaya daga cikinsu na Harisu ne, ɗan farin Mairamu, ƙawar Sabuwa tun suna ƴan mata. Shekarar da damina ta yanke da wuri ya yi shirin Libiya. Mairamu ta kawo zannuwa huɗu, har da wani baƙin saƙi na aurenta mai ƴar ƙuna a gefe, Sabuwa ta sa shi a ciki inda ba a gani. Harisu ya kira sau ɗaya daga Agadas, daga nan shiru. Shekara ta zagayo, ta sake zagayowa, har huɗu. Matarsa Husaina tana zaune gidan surukai da yara biyu, ba ta da miji a ɗaki, ba ta kuma da damar cewa ba ta da shi. Duk ranar da danginta suka tayar da zancen a je gaban malamai a duba lamarinta, Mairamu kan ce ɗanta yana raye, waya ce kawai babu inda yake. Da yake ɗan fari ne ba ta kama sunansa, sai dai ta ce yaron nan.

Wata Laraba da hantsi wani baƙo ya yi sallama a gindin aduwa, da ƙunshi a hammata. Ya ce sunansa Mansur, mutumin Ibohamane. Ya kwance ƙunshin, ga bargo ya koɗe, ya sha rairayi da wanki.

"Inna, kasuwa ukku na kai shi," in ji shi. "Sai a Buza wata mata tag ga kihin nan, tac ce in zo Deule in tambayi Sabuwa."

Ya ba da labarinsa a taƙaice. Shekara huɗu da suka wuce motarsu ta mutu a hamada gaban Dirku. A kwana na huɗu wani da suke kira ɗan Buza ya cika, bayan ya miƙa masa bargon ya ce a kai wa innarsa. Suka rufe shi a rairayi. Jakar takardunsa ta riga ta ɓata, sunansa na yanka kuwa babu wanda ya riƙe. Mansur ya tsira, ya ƙarasa Sabha, bai samu hanyar gida ba sai a wannan shekarar.

Ɗinkin nata ne, Sabuwa ta gane tun kafin ya gama kwancewa. Sai dai zanen sama ya koɗe har babu sanin ko na wace ce, kuma cikin samarin da ta ɗinka wa akwai uku da ba a jin ɗuriyarsu. Ta ɗauko reza, ta farke kusurwa ɗaya kamar taƙi guda, ta ɗaga hawa na farko, ta ɗaga na biyu. Ta daɗe tana kallon na uku. Sannan ta rufe.

"Bargo shina canza hannu a hanya," ta ce. "Hwaɗa mini kamannin mutumin."

"Dogo ne, baƙi. Shina da wushirya. Ɗan yatsanai na hagu, ƙaramin, a lanƙwashe yake."

Sabuwa ta tuna ranar da jaki ya taka wannan yatsan, Harisu yana ɗan shekara bakwai. Ba ta yi kuka ba. Ta shiga gida ta damo wa baƙon fura, ta jira ya sha, ta yafa mayafi ta ce ya biyo ta wurin liman.

Liman, Malam Mustafa, ya saurare su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce Mansur ya ga mutuwa bai san suna ba, Sabuwa ta san suna ba ta ga mutuwa ba, Allah ne ya haɗa su a tabarma ɗaya. Ya ce zai tara dattawa a sake jin Mansur yadda ya kamata. Amma wa zai fara shiga wurin uwar?

Sabuwa tana iya yin shiru. Tana iya cewa idonta ya tsufa, ko ta bar maza su kai labarin. Ta san Mairamu, ta san ba a kai mata irin wannan a fito lafiya. Ta kuma san Husaina, da take gani kowace safiya tana wucewa rijiya, yarinya mai shekara ashirin da shida da ta daina kitso. Ta ce, "Ni nid ɗinka shi, Malam. Ni za ni kai shi."

Ta tarar da Mairamu tana sheƙar hatsi a tsakar gida. Ta zauna, suka gaisa har ƙarshen gaisuwa, sannan ta shimfiɗa bargon a gabanta. Mairamu ta kalle shi ta kau da kai.

"Barguna nawa kika ɗinka wa ɗiyan mutane? Mi ya sa sai ƙohwata za ki kawo wanga?"

Sabuwa ta buɗe kusurwar ta nuna baƙin saƙin.

"Saƙi irin wanga ya cika Adar," in ji Mairamu.

"Ya cika. Ƙunar hwa? Ke kika ce mini garwashi ne yat tashi ranar da kika hwara wankan jegonai. Kika ce in sa ta ciki, kar ya gani ya yi miki dariya."

Mairamu ta ajiye faifai. Ta sa yatsa cikin ramin ƙunar, ya shige daidai. Matan gidan da suka taru a bakin madafa sun ce ba ta yi kururuwa ba. Sunan da ba ta taɓa furtawa ba shekara talatin da ɗaya shi ta kira, sau biyu, a hankali, kamar mai tashin yaro daga barci. Husaina tana tsaye riƙe da guga. Ta ajiye shi ta shiga ɗaki.

Dattawa suka zauna, aka karɓi shaida, aka yi zaman makoki, aka yi wa Husaina abin da addini ya tanada. Bayan shekara ta yi aure a Urno, kuma yanzu tana goyon na biyu a can. Sabuwa kuwa ta biya nata kuɗin gaskiya da abin da ya fi kuɗi. Mairamu ta daina amsa gaisuwarta. In sun haɗu a gidan suna sai ta tashi ta sake wuri. Wasu mata suka fara raɗa cewa bargon Sabuwa ba ya dawo da mai shi, har aka yi kaka biyu babu uwar da ta kawo zane don ɗan tafiya. Ta ji duk wannan. Ta ci gaba da share gindin aduwarta, ta koma ɗinkin na jarirai.

A shekara ta biyu, ana gab da azumi, Mairamu ta zo da kanta. Ba ta yi sallama ba. Ta ajiye bargon a bakin tabarma, kusurwar tana nan a farke yadda aka bar ta, ta zauna nesa kaɗan ta juya baya. Sabuwa ta zura zare ta rufe farkar, ɗinki bisa ɗinki, cikin tsoffin ramukan allurarta. Da ta gama ta ce, "Ga shi." Mairamu ta karɓa ta duba, ta ce, "Hannunki ya hwara rawa." Iyakar maganar da suka yi a kai ke nan har yau, amma washegari Mairamu ta aiko da tuwo.

Ke ce, Inna Sabuwa, mai tara abin da aka yar ki mai da shi sutura. Ke ce kika je ƙasa mai tsarki da hannu biyu kika dawo da sana'ar wata baƙuwa, ba ki taɓa cewa taki ce ba. Ranar da shiru ya fi miki sauƙi, kin ɗauki reza kin farke aikin wata biyu don a san gaskiyar da ke ciki, kuma kin kai ta da ƙafarki inda kika san za a tsane ki saboda ita.

Bayan Babbar Sallar bana Inna Sabuwa ta ajiye allura. Yanar ido ta rufe mata na dama, na hagu yana bi. Bargon ƙarshe ta bar shi rabi, Jamila matar ɗanta ce ke ƙarasawa, da wata maƙwabciya Aziza da ta fara koyo bara. Su biyu ke nan a garin da ya ga aikin shekara talatin. Tana zama kusa da su da hantsi, tana bin layin da yatsa, inda ta ji ɗinki ya yi faɗi ta ce a warware. Aziza ta taɓa ce mata ai a ciki yake, babu mai gani. Ta ce, "Wanda ya lulluɓa shina ji."

Mun gode, Inna. Allah ya saka da alheri, ya ba idon lafiya, ya jiƙan Halidu da Harisu, ya kai ladan har ga Rukayya duk inda take, a raye ko a kabari. Matan Deule, da na Buza da Keita da Madawa, kowace a cikinku tana da tsofaffin zannuwa a ƙasan akwati, na uwa ko na kaka, ta kasa ɗaurawa ta kasa yarwa. Ku wanke su ku ɗauko, ku zo da allurarku. Malamar tana nan da ranta, yatsunta na gani sarai, kuma tabarmar tana da sauran wuri.