Yadda Suka Daina Zagina

A shekarata ta uku a Riyad ina karatun fiƙihu, ina zaune da wasu ɗalibai biyu 'yan Indunusiya a wani tsohon gida a unguwar Ulaisha. Mutanen kirki ne, amma kirkin nasu har gajiyar da ni yake yi. Daga "ya akhi" sai "jazakallahu khairan". Sai in yi wata guda cur ba wanda ya ce mini ko da "kai, tafi can".

Abin da ke ɗebe mini kewa shi ne rukuninmu na waya, na tsofaffin ɗaliban kwalejin da na yi a gida. Duk ranar da ƙungiyar kwalejin za ta buga ƙwallo, wani abokina da ya zama malami a can yakan tsaya bakin fili yana rubuto mana abin da ke faruwa, mu kuma mu yi ta masifa. Ana take wasa ƙarfe huɗu a can, ƙarfe shida ke nan a nan, dab da magariba. Ban taɓa ganin 'yan wasan da idona ba, amma ba wanda ya kai ni iya cin mutuncin mai tsaron gida. Na taɓa rubuta cewa sai ka ce da miyar kuɓewa yake wanke hannu kafin ya shiga fili. Nan take wani ya ce, "Kai da ko benci ba a ba ka ba a zamaninmu, rufe mana baki, sarkin cin dabino!" Na yi ta dariya ni kaɗai har ɗaya daga cikin abokan zamana ya leƙo yana tambaya ko lafiya. In an kira salla sai in ajiye wayar, in dawo in tarar an ci mu biyu, an kuma yanke hukuncin cewa ni na jawo.

Ni na yi wa kaina. Ranar da na kare kundin digirina na biyu, sai na tura musu hotona sanye da alkyabba, ina tsaye a tsakiyar shehunnai. Aka yi ta barka. Washegari wani ya kira ni "Allah gafarta Malam", na ɗauka tsokana ce. Wani kuma ya biyo ni ta gefe da tambayar rabon gado.

A wasan da ya biyo baya uku aka zura mana. Na gyara zama a bakin gado ina jiran a fara. Sai ga wani ya rubuto, "Haka Allah ya so." Wani ya ce, "Allah ya ba mu sa'a a gaba." Mutanen da na sani sarai ba su iya shan kaye da ladabi ba! Na ce bari in buɗe musu hanya, na rubuta cewa kocin nan ko garken awaki aka ba shi sai ya ɓatar da rabi. Can sai abokin nawa ya amsa, "Gaskiya ne, Malam. Allah ya ƙara basira."

Wallahi da ashar ya yi mini da ta fi mini daɗi.

Bayan mako biyu, ana tsakiyar wasa, sai saƙon murya ya faɗo rukunin. Abokina ne, cikin hayaniyar fili, yana ƙare wa alƙalin wasa tanadi, yana cewa, "Ba abin da na rubuta muku ɗazu ke nan ba?" Na duba sama, babu abin da ya rubuta ɗazu. Kafin in sake saurara ya goge saƙon.

Na kira shi. Na ce, "Wani rukunin kuka buɗe?"

Ya yi ta kame-kame, sannan ya ce, "Wallahi kunya muke ji. Kana ƙasa mai tsarki, kana karanta manyan littattafai, mu kuma mu dinga ashar a gabanka? Don girmanka muka yi."

Na ce, "Kai, ɗan banza, ni ne fa. Ku saka ni. Ba ni da wanda zan yi faɗa da shi a garin nan."

Ya yi 'yar dariya, irin wadda ake yi wa suruki.

Ya ce, "To, Malam. A dai ci gaba da sa mu a addu'a."